KRAS ɗaya ce, amma ɓarnarta kala-kala ce

Duk sadda aka turo saƙo a gurup na WhatsApp wai Turawa sun gano maganin kansa, sai ka ga mutanenmu nan Maradi suna ta tura shi gaba, har da masu zuwa farmasi tambaya ko ya iso. To jama'a, ko cikin ƙwayar gado guda ma ɓarnar ba iri ɗaya ba ce, balle a ce magani ɗaya zai gama da duka.

Mu ɗauki ƙwayar gado mai suna KRAS, wadda ake tarar da ita a lalace a wajen kashi 90 cikin 100 na kansar pankiriyas, gaɓar nan mai yin insulin. Furotin ɗinta kamar makunnin lantarki yake, in ya riƙe wani ɗan sinadari mai suna GTP a kunne yake, yana ta ba ƙwayar jiki umurni ta hayayyafa, in ya fasa GTP ɗin ya koma GDP sai ya mutu, wato makunnin ya koma a kashe. In ta lalace, amino asid ɗaya tak cikin tubalan da ke gina furotin ɗin ke canzawa, galibi a gurbi na 12 ko 13 ko 61, kuma lambar gurbin ce ke cikin sunan kowane canji, amma kowane da halinshi. Na Q61 kusan ya kasa fasa GTP kwata-kwata, shi ke nan ya maƙale a kunne. G13D kuwa gaggawa gare shi, da ya mutu sai ya saki GDP ya sake cafke GTP.

Wanda ya fi burge ni shi ne G12C, da aka fi gani a kansar huhu ta masu shan taba. Shi yana ɗan mutuwa jifa-jifa, kuma canjin ya kawo mishi sistin, amino asid mai sulfa wanda magani zai iya mannewa jikinshi. A 2013 ɗakin binciken Kevan Shokat a Kalifoniya ya gano wani ɗan lungu dab da wurin, daga nan aka bi har aka samu maganin sotorasib, da Amurka ta amince da shi a 2021, yana jiran furotin ya mutu ne sai ya danne shi a haka. Amma G12D, wanda ya fi yawa a pankiriyas, ba shi da wannan sistin ɗin, sotorasib bai da wurin kamawa ko kaɗan, kuɗi kawai za a zubar.

Shi ya sa analiz na gano wane gurbi ya canza ba ado ba ne, duk da tsadarshi kuma ba kowane labo ke yi ba. A kansar hanji ma, in KRAS ta lalace likita ba ya rubuta maganin cetuximab, don shi daga saman ƙwayar jiki yake toshe saƙon hayayyafa alhali KRAS tana can ciki tana aikinta.