Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Ƙauyen da Ya Ƙunshe Albarushi da Littattafansa

A makon jiya na tsaya inda maigidana magini ya ce in haɗa jakata, za mu bar Atina, babban birnin ƙasar Girka, mu je gyaran wani tsohon gida a kan duwatsu. Muna wuce garin Tirifoli na Girka mota ta kama hawa, kwana kan kwana, har zuciyata ta tashi. Da la'asar sakaliya muka shiga Dimitsana.

Ƙauye ne a yankin Arkadiya, kusan mita 950 sama da teku. Gidajen dutse sun maƙale a jikin tudu, kogin Lusiyos kuma yana can ƙasa cikin kwazazzabo. Ni da nake taƙama na san hunturun Katsina, ranar na gane ban san sanyi ba.

Tsohuwar da ke maƙwabtaka da mu kowa "yaya" yake ce mata. Na ɗauka babbar yayarsu ce, ashe da Girkanci kaka ke nan. Ita ta matsa mini, da nuni da hannu, in sauka ƙasan gari ranar Lahadi in ga injinan ruwa.

Abin da na tarar turame ne, irin na gidanmu, sai dai ba mace ko ɗaya. Ruwa ke juya wata ƙafar katako, ita kuma tana ɗaga taɓare tana saki. A da can, a ciki ake daka gawayi da farar wuta da wani gishiri da ake tacewa daga ƙasar garke, ya zama albarushi. Da Girkawa suka yi wa Turkawa tawaye a 1821, nan ne ya riƙa ciyar da bindigoginsu.

To amma albarushi sai da takardar ƙunshewa. Garin yana da makaranta tun 1764, da ɗakin littattafai mai suna. Sai suka riƙa yage littattafan suna naɗe harsashi, kaɗan ne suka tsira.

Jikina ya yi sanyi. Mahaifina ko guntun rubutu ya gani a ƙasa sai ya duƙa ya ɗauka ya soke a katanga. Ga shi waɗanda aka harba ɗin Musulmi ne kamar ni. Na rasa wanda zan ji wa tausayi.

Da na dawo, yaya ta ajiye mini miyar wake a bakin ƙofa, ta nuna tukunyar tana girgiza kai, wai babu alade. Yadda ta gane ni Musulmi ne, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.