Barcin da na riƙa saya a kemis

An ce barci ɓarawo ne. To, ni nawa ɓarawon wata uku ya yi bai san hanyar gidanmu a Agege ta Legas ba. Ƙarfe biyun dare janaretan maƙwabci na gurnani, sauro na kuka a kunne, ni kuwa ido biyu ina lissafin kwandunan tumatir da motar Kano za ta sauke mana a kasuwar Mile 12 da asuba. In na samu awa uku, sai godiya.

Wani yaron kemis a layinmu ne ya miƙo min ƙwayar diazepam, wadda aka fi sani da Valium, ko takardar likita bai tambaya ba. "Alhaji, rabi kawai za ka sha." Daren farko na kwanta kamar gawa, har sallar asuba ta wuce ni. Amma da na tashi, jiki nauyi kamar an yi min duka, kai kuma fanko. Kafin sati uku rabi ya daina aiki, na koma ɗaya, sannan biyu. Ran nan na gyangyaɗa a danfo, bas ɗin haya, na wuce inda zan sauka, ban farka ba sai a Ikorodu. Kwandasta har da dariya.

Uwargida ce ta tsaya kai da fata. "Baban Hafsa, wallahi ko ka je asibiti ko in kira Yaya a waya."

Likitar ta gwada jinina, 160 bisa 100. Ta ce babban mutum yana bukatar aƙalla awa 7, kuma rashin barci na dogon lokaci yana tafiya da hawan jini, ciwon suga da ciwon zuciya. Da na nuna mata ƙwayar sai ta girgiza kai. Irin wannan magani, in ji ta, ba a so a wuce sati 2 zuwa 4 ana shansa, don jiki na sabawa. Kuma kada in yanke shi rana ɗaya, yana iya kawo rawar jiki har da jijjiga. A hankali za ta riƙa rage min.

Sai ta tambaye ni goro nawa nake ci a rana. Na yi shiru. Ɗan kasuwa da goro ai sai Allah! Ga shayin Lipton mai kauri wajen mai shayi bayan isha'i, ga WhatsApp ɗin direbobi har tsakar dare, wannan ya ce yana Jebba, wancan taya ta fashe. Ashe sinadarin da ke cikin goro da shayi yana daɗewa awanni a jini.

Yanzu goro daga azahar na sallame shi, wayar kuma a hannun yarona take kwana, shi ke amsa direbobi. Janaretan maƙwabci dai yana nan. Jiya na yi awa biyar da rabi ba ƙwaya, ladan ne ya tashe ni.