Godly da godlike ba ɗaya ba ne fa

Yaranmu na sakandire a nan gefen Ringim, da zarar an fara shirin WAEC sai ka ga sun kwaso manyan kalmomin Turanci suna zubawa a takarda ko sun dace ko ba su dace ba, wai don malami ya ga sun iya. Waɗanda suka fi tayar min da hankali su ne na abin bauta, domin a nan kuskuren ba na maki kaɗai ba ne.

Wani yaro ya rubuta yabon limamin unguwarsu ya kira shi godlike, shi a ransa mai tsoron Allah yake nufi. Subhanallahi! Mai tsoron Allah ai godly ne, mutumin da ba ya wasa da salla, ba ya cin haƙƙin kowa. Godlike kuwa mai kama da abin bauta ke nan, kamar ka ɗaga mutum ka kai shi inda ba nasa ba, kuma liman da zai ji abin da aka ce masa wallahi sai ya yi ta istigfari har magariba.

Harafin farko ma magana ne. God da babban G Allah Maɗaukaki ake nufi, god da ƙaramin g kuwa duk wani abin da mutane suka bauta wa, irin su Zeus na Girkawa da Jupiter na Rumawa. Mace goddess, nan ne Lata da Uzza da Manata da aka ambata a Suratun Najmi suke shiga.

Deity ma abin bauta take nufi, amma ita ta littafi ce, daga deus na Latin ta samo asali, ba ruwanta da namiji ko mace, shi ya sa ta dace da Tsumburbura da Barbushe yake yi wa hidima a Dutsen Dala kafin Musulunci ya kafu a Kano, labarin da ke cikin tarihin Kano ɗin nan da wani Bature mai suna Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908. Idol kuma gunkin ne da kansa, na dutse ko na itace, ko da yake yanzu samari har ɗan ƙwallo suke kira idol ɗinsu, ni dai ba na so.

Divine ce mai rikici. Asalinta abin da ya zo daga Allah, kamar wahayi, amma Bature zai ci abinci mai daɗi ya ce divine, ba wani addini a ciki, santi ne kawai ya kwashe shi. Kar kuma ka ga diviner ka zaci wani waliyyi ne, mai duba ne, irin wanda yake buga ƙasa ya ce maka wai akuyarka da ta ɓata tana kudu da gari.