Darussan da na ɗauka daga aikin ciyar da 'yan firamare

Tunda na ajiye aikin sa ido kan masu dafa abincin makaranta, bari in bar wa waɗanda za su gaje mu abin da ba a faɗa a wurin bita. Tsarin kowa ya san shi: gwamnatin tarayya ta fara shirin ciyarwar a 2016, a lokacin da nake aikin 'yan aji 1 zuwa aji 3 ake ciyarwa, naira 70 kan kowane yaro a rana, a 2022 aka amince da naira 100, kuɗin kuma asusun mai dafawa yake shiga kai tsaye.

Abin da ya fi komai ɓata aikin nan shi ne ƙidayar yara, kuma mai dafawa ce kullum take kwana a ciki. Ana ɗaukar adadin ne daga rajistar makaranta tun kafin a ɗora tukunya, a tura sama, a raba wa mata gwargwadonsa. Ranar da labari ya zaga gari cewa ana ba da abinci, adadin nan ya tashi daga aiki. Yaron da aka cire aka tura talla ya dawo. Yarinya ta zo da ƙaninta ɗan shekara 4 a goye, don uwarsu ta ce su ci tare. 'Yan aji 4 zuwa 6, waɗanda ba sa cikin lissafi, suna tsaye bakin taga, kuma babu malamin da zai iya korarsu da zuciya ɗaya. Dawowar yara makaranta ita ce abin da ake nema tun farko, an kuma gani ƙarara a Kaduna a 2016 lokacin da jihar ta fara tata ciyarwar, azuzuwa suka cika maƙil. Sai dai takardar biyan kuɗi ba ta motsawa tare da su.

A yi lissafin a gani. A ce an ba mace yara 100 a kan naira 70. Naira 7,000 ke nan a rana, 140,000 a kwana 20 na makaranta, kafin a cire kason ƙwai ko nama da a jihohi da dama ake ba wa manyan dillalai su kawo. Cikin abin da ya rage ne za ta sayi hatsi, mai, kayan miya, itace da ruwa, ta biya mai Keke Napep da zai kai kuloli, ta kuma nemi abin da za ta kira riba. Tiyar shinkafa ta kai kusan kilo 2 da rabi. Idan kowane yaro zai samu giram 100 na ɗanya, tiya ɗaya ta yara 25 ce, yara 100 tiya 4. To yau yara 150 suka miƙo kwano. Ko ta ƙara tiya 2 daga aljihunta, ko ta rage ludayi, ko 50 su koma aji da yawu a baki. Kusan kowace mace rage ludayin take yi, kuma a ganina shi ne zaɓin mai imani.

A nan ne wani shugaba da muka yi aiki ƙarƙashinsa ya zalunci bayin Allah. Idan ya fito zagaye, rajista ba ta dame shi ba, layin yara bai dame shi ba. Kwanon yaro ɗaya zai ɗaga sama, ya nuna wa jama'a ƙanƙantar abincin, ya kira mace da ta haife shi ɓarauniya a gaban 'yan makaranta, washegari sunanta ya fita daga jeri. Wadda za ta maye gurbinta kuwa sau da yawa takarda ce daga wani babba ta kawo ta, wata ma ba ta taɓa riƙe muciya a aikin ba, sai ta ba wata kwangilar girkin a kan rabin kuɗi, abincin ya ƙara ƙanƙancewa. An rubuta masa adadin yaran da ke cin abinci a kowace makaranta, da sa hannun hedimasta, an nuna masa tazarar da ke tsakaninsa da adadin da ake biya. Amsarsa ita ce mu daina kare masu laifi. Matan da aka kora ta wannan hanya, wasunsu sun tafi da bashin 'yan kasuwa a wuyansu, ba wanda ya waiwaye su. Ina jin zafin wannan har yanzu.

Maganin kuwa ba shi da wuya. A ƙirga yara a bakin tukunya, ba a ofis ba. Malamin aji ya tsaya da takarda lokacin rabo, duk yaron da ya karɓa a ja layi ɗaya, a ƙarshe shi da mai dafawa da wakilin kwamitin makaranta su sa hannu. A yi haka mako 2 na farkon kowane zango, a gyara adadin biya da shi. Duk mai sa ido da ya ga abinci ya yi kaɗan, ya fara raba nauyin abin da aka dafa da yawan bakin da suka ci kafin ya buɗe baki ya zargi kowa.

Matsala ta biyu ita ce jinkirin biya, wanda ke cin kuɗin yara ba tare da kowa ya sata ba. Idan kuɗi bai shigo ba sai zango ya yi nisa, mai dafawa bashi take ɗauka, kuma ɗan kasuwa ba ya ba da bashi a farashin kuɗi hannu. Sannan sunan shirin, wato Home-Grown School Feeding, ya ce a sayi amfanin gonar gida, amma wake da gero da kaka suke araha, kuɗin kuwa gutsi-gutsi yake zuwa, babu mai iya sayen buhu ta ajiye. Tiya-tiya take saya, a mafi tsadar farashi. Matan da suka fi jurewa su ne waɗanda suka haɗu su 5 ko 6 suka sayi buhu suka raba.

Sauran a taƙaice. Abinci ya isa kafin tara ta safe, don yaron da ya fito gida bai karya ba ba ya fahimtar komai kafin nan. Shinkafa da wake da aka sauke da asuba, aka zuba a kular da murfinta ya tsage, a zafin Maris da Afrilu kafin rabo ta fara yami. Abincin da ya huce bai kamata ya wuce awa 2 a ajiye ba. A zuba miya a kula daban. Ƙwai a gwada shi a ruwa kafin a dafa, wanda ya taso sama a jefar, kuma a ƙirga kiret a gaban direba, 30 cif, a mayar masa da fasassu nan take. Waken da ke warin maganin ƙwari kada a karɓa ko da kyauta ne. Buta da sabulu a bakin aji sun fi duk wata lacca kan tsafta amfani. Ciyarwa ba tare da maganin tsutsar ciki ba, rabin aiki ce.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin mai sa ido, amma dole a faɗa. Dogon hutunmu yana faɗawa ne daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba, farashi ya hau. Daidai lokacin da gida ya fi ƙunci ne tukunyar makaranta ke sauka. Duk malamin da ya karɓi 'yan aji 1 bayan hutun nan ya san yadda wuyansu ke dawowa.

A Amurka sun daɗe da gane wannan giɓin. Tun 1968 ma'aikatar gonarsu take ɗaukar nauyin abincin yara a hutun bazara. A unguwar da aƙalla rabin yaranta suka cancanci abincin makaranta kyauta ko a rahusa, ana buɗe wurin cin abinci a makaranta, laburare, filin wasa ko wurin ibada, duk yaro ɗan shekara 18 zuwa ƙasa ya zo ya ci, ba a tambayarsa takarda. Ana biyan mai shiryawa ne gwargwadon abincin da aka miƙa wa yara, wanda ake ƙirgawa a wurin rabo. Suna da irinsa na bayan tashi daga makaranta, a 2024 kuma suka ƙara katin sayen abinci na dala 120 kan kowane yaron da ya cancanta a jihohin da suka shiga tsarin.

Mu ma mun taɓa gwada ciyarwa lokacin da makarantu ke rufe. A 2020, lokacin kullen korona, an raba kayan abinci ɗanye ga gidajen ɗalibai a Abuja, Legas da Ogun: shinkafa kilo 5, wake kilo 5, mai, ƙwai 15 da sauransu. An yi ta ce-ce-ku-ce kan wa ya samu, wa bai samu ba, kuma dalili ɗaya ne da na sama, wato rajistar da ba ta dace da yaran da ke ƙasa ba. Ɗanyen kaya ma idan ya shiga gida na kowa ne, yaron da aka yi domin shi loma kaɗan yake samu. Idan za a ciyar a hutu, gara dafaffe, a harabar makarantar da yara suka saba, matan da suka saba su dafa, ko da kwana 3 ne a mako, a buɗe wa 'yan aji 4 zuwa 6 da ƙannensu, a biya kuɗin kafin a rufe makaranta, a kan adadin da aka ƙirga a bakin tukunya a zango na 3.