Darussa daga neman taya ga tsohuwar taraktar jan kaya

Ƙaramar taraktar jan tirela da ake samu a harabar tsofaffin masana'antu, irin su Clark ko Lansing Bagnall, ba kasafai injinta ke kayar da ita ba. Taya ce ke ajiye ta. A je Dilimi a nan Jos a ambaci sunanta, mai shago zai ce babu, kuma gaskiya ya faɗa, domin ba da sunan mota ake sayen wannan taya ba. Da lamba ake saye, lambar kuwa daga rim take farawa.

A jikin tsohuwar tayar za a ga rubutu kamar 6.50-10 ko 7.00-12. Lambar farko faɗin taya ne da inci, ta biyu girman rim. Kada a yarda da ita kai tsaye: motar da ta shekara hamsin ta ratsa hannu da yawa, wataƙila wani ya cusa mata abin da ya samu. A cire tayar, a kankare tsatsa da buroshin waya, a nemi lambar da aka buga a ƙarfen. Idan ta goge, a auna daga inda bakin taya ke zama, ba daga leɓen rim ba, don leɓen yana ƙara kusan inci guda ko fiye. Faɗin rim ma yana da ƙa'ida: 5.00-8 tana hawa rim 3.00D, 6.00-9 tana hawa 4.00E, 6.50-10 tana hawa 5.00F, 7.00-12 kuma 5.00S.

Waɗannan duka girman tayoyin fokilif ne, motar nan mai ɗaga kaya a ma'ajiya, shi ya sa wurin masu kayan fokilif ya kamata a dosa, ba masu tayar mota ba. In babu a Jos, a aika Ladipo a Legas da hoton lambar da awon rim. Ta baya in 7.50-16 ce, abin ya zo da sauƙi, ana samunta wurin masu tayar ƙananan motocin kaya. Sai dai a tabbata rim ɗin 16 ne, ba 16.5 ba. Taya mai 16 takan shiga rim mai 16.5 kamar ta dace, amma bakinta ba zai zauna ba, ana ƙara iska sai ta tarwatse.

Sai lambar PR, wato ƙarfin ɗaukar nauyi. Wannan mota ƙarama ce a ido, amma da gangan aka loda mata ƙarfe don tayoyinta su kama ƙasa lokacin ja. Idan farantin bayanai da ke jikin motar ya ce 10PR, kada a sa 6PR don rahusa. Gefenta zai kumbura ya tsage. Na baya kuma a canza su biyu tare, iri ɗaya. Sabuwa a dama, cinyayyiya a hagu, giyar cikin aksil ce ke biyan bashin.

Inda rai ke salwanta shi ne wurin kwancewa. Yawancin waɗannan rim falle biyu ne da aka haɗe da noti, wasu kuma masu zobe. Notin da ke riƙe fallayen daban, wanda ke riƙe rim a jikin mota daban, kuma suna kusa da juna. Yaron mai faci da ya saba da tayar Golf zai iya kwance na farko da iska a ciki, fallen ya taso masa a fuska. Kafin sifana ta taɓa kowane noti, a zare cikin bawul, iska ta fita ƙaf. Wurin bugun iska kuma a sa tayar a keji ko a ɗaure ta da sarƙa, a yi amfani da doguwar tiyo, kowa ya kauce daga gabanta. Rim mai tsaga a yar da shi, walda ba ta mayar masa da ƙarfinsa.

Sabon tif da sabon filaf, robar nan da ke shiga tsakanin tif da ƙarfe, dole ne. Babu filaf, mahaɗar fallayen za ta cije tif cikin 'yan kwanaki. A duba bawul ɗin ya zama mai lanƙwasa in ramin rim haka yake buƙata. Sabuwar tayar fokilif tana iya ɗaukar iska fiye da 100 psi, amma tsohon rim ba lallai ya jure ba, don haka a bi abin da ke farantin motar.

Tayar da ba ta shan iska tana da daɗi a harabar da ƙusa da gutsuren ƙarfe suka yi yawa. A ƙasar Jos mai duwatsu kuwa, a ganinmu ba ta dace da tsohuwar mota ba, don duk bugu kai tsaye yake isa ga boris da sitiyari, waɗanda sun fi taya wuyar samu. Idan tayar motar ta asali irin wadda ake matsawa a kan ƙarfe ce, mai lamba uku kamar 18x7x12 1/8, wato tsayi da faɗi da ramin tsakiya, to sai an nemi mai injin matsi na haidirolik. Guduma ba ta shigar da ita.

Ta gwanjo kuwa a duba shekarunta. Lamba huɗu a ƙarshen rubutun da ya fara da DOT a gefen taya, kamar 2319, tana nufin mako na 23 a shekarar 2019. Lamba uku kacal na nufin kafin shekarar 2000 aka yi ta, komai kyawun zanenta a bar ta a shagon.