Ciwon da ya dawo ba lallai shi ne wanda ya tafi ba

Shekara shida bayan an cire wa Yayata ƙullutun kansa a nononta na hagu, an yi mata gashi da na'ura (radiotherapy), ta sha tamoxifen, maganin da ke hana homon ɗin mata ciyar da kansar, har shekara biyar cif, sai wata rana tana wanka ta ji wani ɗan abu mai tauri dab da tabon aikin. Da muka je asibiti likita ya ce sai an sake tsakuro tsoka da allura an kai gwaji, ita kuwa ranta ya ɓaci, ta ce "to ba ga fayil ɗina nan ba, ai kun san ciwon, me kuma za ku sake nema?" Ni ma a raina haka na ce, na ɗauka jan lokaci ne kawai. Ashe mu ne ba mu gane ba.

Likitan ya ce mata, "Hajiya, wanda muka sani shi ne na da, wannan ba mu gaisa da shi ba tukuna." Abin da ya fahimtar da mu, kuma na zo na yi ta karantawa daga baya har tsakar dare, shi ne idan kansa ta sake fitowa a nono ɗaya to ɗayan biyu ne. Ko dai ragowar ƙwayoyin farko ne da suka tsere wa wuƙa da gashi suka laɓe suka sake tsirowa, ko kuma sabuwar kansa ce dal da ba ta haɗa komai da ta farko ba sai dai kawai gida ɗaya suka sauka. Ta ragowar tafi fitowa kusa da tabo kuma da wuri, sabuwar kuwa takan ɓullo a wani gefen bayan an daɗe, kuma galibi tafi sauƙin sha'ani. Amma wannan duk kintace ne, DNA ɗin ƙullutun biyu ne ke raba gardama idan aka gwada su aka ga ko dangi ne. Akwai wani bincike da ya fito a 2022 a kan matan da aka fara gano musu irin wadda ba ta fita daga bututun nono ba, wadda ake ce wa DCIS, aka tarar kusan kashi 75 cikin 100 na waɗanda suka dawo jikokin ta farkon ne, wajen kashi 18 kuwa bare ne gaba ɗaya.

To ko da jikar ta farkon ce ma, ba ta dawowa yadda ta tafi, nan ne abin ya fi ɗaure min kai. Ƙullutu ɗaya ba iri ɗaya ne ƙwayoyinsa ba, taron jama'a ne, wasu magani na cin su wasu ba ya ci, to idan aka shekara biyar ana kashe masu jin magani su wa za su rage? Masu taurin kan mana, kuma su ne za su hayayyafa. Abubuwa uku ake dubawa a jikin ƙwayar, ER da PR waɗanda su ne kamar ƙofofin da homon ɗin mata ke shiga ya ciyar da ita, sai HER2, wani furotin da ke sa ƙwayar saurin hayayyafa idan ya yi yawa. Wani nazari na 2014 da ya tattara bincike da yawa ya nuna tsakanin ciwon farko da wanda ya dawo, a nonon ne ko a wani sashen jiki, ER kan canza a wajen kashi 20, PR kashi 33, HER2 kuma kashi 8. Wani ɓangare na wannan bambancin daga wajen gwajin ne ko daga inda allura ta tsakuro, ba duka ne canji na gaske ba, amma dai mace ɗaya cikin biyar ai ba abin wasa ba ne.

Akwai ma wata dabarar da ta fi wannan, ƙofar ER tana nan amma sai ƙwayar gadon da ke ƙera ta, ESR1, ta sauya ta yadda ƙofar za ta zauna a buɗe ko babu homon. An fito da bayanin wannan sosai a 2013, kuma an fi ganinsa a kansar da ta bazu a jiki bayan an daɗe ana shan magungunan rage homon irin su letrozole, da wuya a same shi a ƙullutun farko. Shi ne har Amurka ta amince da maganin elacestrant a 2023 saboda masu irin wannan sauyin.

Sakamakon Yaya ya fito bayan kwana goma da suka yi mana kamar shekara. ER ɗin da ta cika ƙullutun farko babu ita yanzu, HER2 ma babu. Ka ga da an bi maganarmu an buɗe tsohon fayil an sake rubuta mata maganin homon, da ta yi ta haɗiyar ƙwayar da ba ta da abin kamawa. Likita ya ce tunda an taɓa gasa nonon, abin da aka fi yi shi ne a cire shi duka, sannan kemo, ya kuma ambaci gwajin CALOR na 2014 da ya nuna kemo bayan aiki yana amfanar waɗanda ciwonsu ya dawo wuri ɗaya ba shi da ER, masu ER kuwa ba a ga wani amfani a fili ba.

Ranar ta yi kuka, wai da tun farko ta yarda an cire duka da ba a zo nan ba. Na ce Yaya ki daina ɗora wa kanki, binciken wani likitan Amurka, Bernard Fisher, da aka bi mata shekara 20 ya nuna tsawon rai ɗaya ne tsakanin waɗanda aka cire wa duka da waɗanda aka cire ƙullutu kawai, kuma cikin waɗanda aka yi wa gashi wajen kashi 14 ne ya dawo musu a nonon, waɗanda ba a yi wa ba kuwa kashi 39. Ta harare ni ta ce yaushe na zama likita. Ranar Litinin za a sa mata kemo na biyu, ni zan raka ta.