Kurakuran da Na Yi a Hanyar Machu Picchu

Ƙannena masu sha'awar tafiye-tafiye, na san da yawa daga cikinku kun ga hoton Machu Picchu, tsohon garin daular Inka da ke kan tsaunukan Andes a ƙasar Peru, kuma akwai wanda ya ƙudura a ransa cewa wata rana zai taka wurin da ƙafarsa. Ni Allah ya nufe ni da zuwa, amma na sha wahalar da ba dole ba ce, kuma da na zauna na yi lissafi sai na ga ba kowa ya jawo mini ita ba illa gaggawata.

Na sauka a Lima, babban birnin ƙasar, wanda yake bakin teku, washegari da sassafe na hau jirgin sama zuwa Kusko, birnin da ake bi ta cikinsa zuwa Machu Picchu, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya da rabi ba. Kusko tana kan tudu mai tsayin kusan mita 3,400, ga iskar wurin ba ta wadatar da huhun baƙo, amma ni da nake ganin kaina ƙaƙƙarfa sai na ajiye jaka na shiga gari ina hawan unguwanni. Kafin magariba kaina ya ɗauki sara kamar ana buga guduma, matakalar masauki ma sai da na huta sau biyu kafin na gama ta, kuma da na ɗago daga sujada a sallar isha'i sai ɗakin ya juya da ni. Mutanen wurin suna kiran wannan ciwo soroche. Matar da ke kula da masaukin ta dube ni ta girgiza kai, ta kawo mini shayin ganyen koka, wanda shansa al'ada ce a can (kada dai wani ya yi gangancin sako ganyen a jaka ya taho da shi, domin a ƙasashe da yawa laifi ne babba). Abin da ban sani ba shi ne Machu Picchu ɗin ma bai kai Kusko tsayi ba. Mita 2,430 ne, wato kusan daidai da Chappal Waddi na jihar Taraba, dutsen da ya fi kowane tsayi a Najeriya. Da na yi tambaya, da daga filin jirgi sai in gangara Ollantaytambo, wani gari a kan hanyar Machu Picchu mai tsayin kusan mita 2,800, in kwana biyu jiki ya saba, in bar Kusko sai a dawowa.

Kuskure na biyu ya fi cin aljihu. Na sayi tikitin jirgin ƙasa tun ina gida, na bar tikitin shiga wurin, ina zaton abin kamar tashar mota ne, idan ka je ka biya ka shiga. Ashe hukuma ta ƙayyade adadin masu shiga a kowace rana, kowane tikiti yana ɗauke da sunan mai shi da lambar fasfonsa da sa'ar shigarsa da hanyar da zai bi a ciki. Na hawan Huayna Picchu kuwa, ƙololuwar nan da ake gani a bayan kangayen a kowane hoto, sai wanda ya nema da wuri ƙwarai. Ranar da na tsara babu gurbi, dole na sauya jirgi na ƙara kwanan masauki. Ku fara da tikitin shiga, sannan na jirgin ƙasa, sannan komai ya biyo baya.

Babu titin mota da ya kai Aguas Calientes, garin da ke gindin dutsen. Ko dai mutum ya shiga jirgin ƙasa, wanda daga Ollantaytambo yake bin gefen kogin Urubamba na ƙasa da awa biyu, ko ya taka da ƙafa. Masu ƙarfi suna bin tsohuwar hanyar Inka ta kwana huɗu, mai tsawon kilomita 43 ko kusa da haka, wadda ake rufewa duk watan Fabrairu domin gyara. Daga garin akwai motocin safa da ke hawa da mutane cikin kusan rabin awa, amma ni, saboda takaicin kuɗin da na riga na yi asara, sai na ce zan hau da ƙafa. Na shafe kusan awa biyu a kan matakalar dutse cikin duhun asuba, na isa ƙofa gwiwoyina suna rawa, na shanye gorar ruwa, sannan bayan na shiga na gano cewa babu banɗaki ko ɗaya a ciki, sai a bakin ƙofa. Ƙananan ƙudaje masu cizo kuma suka yi wa ƙwaurina ado, domin gajeren wando na sa.

Duk wannan mai sauƙi ne idan aka kwatanta da abin da har yau yake yi mini ciwo. A watan Janairu na je, ina lissafi da yanayin gida, na manta cewa Peru tana kudu da tsakiyar duniya, daminarsu daga Nuwamba take zuwa Maris, rani kuma daga Mayu zuwa Satumba. Na shiga da ƙarfe shida na safe, na hau har dandalin sama inda ake hango garin baki ɗaya, sai na tarar da hazo ya rufe komai, ban ga abin da ya wuce taku goma ba. Wani dattijo da matarsa suna zaune a kan dutse cikin rigunan ruwa, sun buɗe ɗan littafi suna karantawa abinsu. Na yi minti goma ina duba agogo, na yi tsaki, na gangara.

A ƙasa na bi tsakanin ɗakunan ba tare da ɗan jagora ba, domin shi ma na ƙi ɗauka. Na wuce ɗakin bautar rana mai lanƙwasasshen bango, na shafa idona a kan duwatsun da aka sassaƙa aka haɗa ba laka ba siminti, har ba ka ganin inda tsinken allura zai shiga, amma ban san me nake kallo ba. Sai daga baya na karanta cewa an gina wurin wajen shekarar 1450 a zamanin sarki Pachacuti, cewa Sifaniyawan da suka rushe daular ba su taɓa isa can ba, kuma manoman yankin ne suka nuna wa Ba'amurke Hiram Bingham hanya a 1911. Tun 1983 yana cikin wuraren tarihi na UNESCO. Da na ɗauki ɗan jagora, da ya gaya mini wannan ina tsaye a gaban dutsen, ya kuma nuna mini magudanan ruwan da suka hana garin zaftarewa duk tsawon waɗannan daminu.

Wajen ƙarfe tara iska ta taso, hazon ya fara yayewa, gonakin da aka sassaƙa hawa-hawa a jikin dutsen suka fito kore shar, dabbobin lama, dangin raƙumi, suna kiwo a kansu. Na juya da sauri zan koma sama, mai gadi ya ɗaga mini hannu cikin ladabi ya nuna alamar da ke gefen hanya: gaba kawai ake yi, ba a komawa. Na ɗaga kai na hango dattijon nan da matarsa sun miƙe tsaye a dandalin, sun cire hulunan rigunan ruwansu, garin duka yana shimfiɗe a ƙarƙashinsu.